Ƙafa ta Uku

A Leszno na sayo ta, ranar da dusar ƙanƙara ta toshe titi,
tankar yaƙi a cikin kwali, ɗaya bisa talatin da biyar.
Bogumił mai shago ya dafa murfin, ya ce,
"Ita ce, ba wata ba. Ai duk uwarsu ɗaya."
Ban ja da shi ba. Na biya, na rungumo ta kamar burodi mai zafi.

A teburin kicin na baje ta:
ƙafafu goma, sarƙa, dogon bakin igwa,
murafu ƙanana da ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Na jingina hoton Baba da kwalbar gishiri.
Hieronim, shekara ashirin da ɗaya,
hula a karkace, gwiwar hannu a kan ƙarfe,
yana yi wa wani dariya, wanda hoton bai kama ba.

Kama da wane ba wane ba ne.

Da gilashina na gyaran agogo na bi ta gaɓa-gaɓa.
Kan ta kwali sumul, kamar ƙwai.
Kan ta hoto da tabon zubi
ya zagaye ƙeya kamar ɗinkin likita.
Ta kwali tulun mai biyu ta goya.
Ta Baba akwati ne a bayanta, lotsattse,
an ɗaure shi da waya.

Wiesława ta ce, "Lucjan, miya ta huce.
Wa zai sani?"
Na ce, "Ni."

Ran Laraba na shiga jirgin ƙasa zuwa Poznań.
Ga ta a gidan tarihi, ta sha fenti, tana warin tsohon mai,
ta fi yadda na zata girma, ta fi sanyi.
Na durƙusa da gwiwar da ba ta son durƙuso,
ina ƙirga noti, ina bin zanen walda da yatsa.
Mai gadi, wata dattijuwa, ta leƙa hoton ta kafaɗata.
Ta ce, "Wannan tamu wata masana'anta ce ta haife ta.
Taka kuwa, dubi nan,
ba masana'antar da ta fitar da ita haka."

Ƙafa ta uku, ta hagu.
'Yan uwanta huɗu na sanye da baƙar roba,
ita tsirara take, ƙarfe zalla, duk huji.
Shekara sittin hoton yana gidanmu,
ban taɓa kallon ƙasa da takalmin Baba ba.

A jirgin dawowa maganar ta faɗo mini.
Sau ɗaya tak ya taɓa zancen yaƙi,
yana feraye dankali, bai ko ɗago kai ba:
"A bakin wani kogi mun ari ƙafa wajen matattu."
Ina yaro, na ɗauka tatsuniya ce.

Daren nan na ɗauko magagari.
Na kankare robar ƙafa ta uku har ta yi tsirara,
na huda ta da allura, huji bayan huji.
Na yanke tulunan, na ƙera akwati da gwangwanin shayi,
na lotsa shi da cokali.
Da gam da zare na ja tabo a ƙeyar.
Abin da na biya kuɗi sabo fil,
sai da na ɓata shi ya fara faɗin gaskiya.

Akwai ɗan soja a kwalin, na roba,
kafaɗa a miƙe, fuskar kowa da kowa.
Na juya shi da hantsaki a ƙarƙashin fitila.
Ba ya dariya.
Na mai da shi.

Tana kan taga yanzu, kusa da tukunyar fure,
murfin sama a buɗe.
Wiesława kan ce ƙura za ta shiga.
Ta shiga.