Numfashin Baƙar Tukunya

Hantsi bai gama duban ludayi ba a Jega
Nafi'u ya gangaro da a-kori-kura gindin dogonyarona,
buhu talatin na albasar Aliero a baya,
gumi a wuya, ƙafar dama tana ɓari.
"Baba Ɗan'ige, birkin nan ya zama dutse.
Gab da gada na taka shi, har na miƙe tsaye a kansa,
raƙumi ya sha da ƙyar,
mai raƙumi ya bi ni da baƙar magana har cikin gari.
A Kalgo an sauya mini takalman birki,
an ƙara mai, an fid da iska sau biyu.
Kuɗi sun tafi, cuta tana zaune."

Ban taɓa sifana ba.
Na hau kujerarsa mai warin taba da albasa,
inji a kashe, na taka, na saki,
ɗaya, biyu, har biyar,
na danne da tafin ƙafa na riƙe.
"Hashimu, murza makulli."
Lafiyayyen birki, da inji ya kama,
sai ya ɗan rusuna ƙarƙashin ƙafa
kamar yaro mai tarbiyya ya gamu da kawunsa a hanya.
Wannan ko gezau.

Muka ɗaga bonet.
Ga ta can lungu, bayan masta,
baƙar tukunyar da ba a taɓa dafa kome a cikinta ba.
Inji ke tsotse mata iska,
ita kuwa da wannan wofin cikin nata
take ara wa ƙafar direba ƙarfin ƙato goma.
Shekara arba'in ina mamakin wannan:
babu ce ke tsayar da lodi a gangare.

Na zare tiyo, na tanƙwara shi a rana, ba tsaga.
Na ɗora babban yatsa a bakinsa, ya tsotse ni
kamar ɗan akuya.
Na cire ƙaramin bawul, na busa ta nan, ya ƙi,
na busa ta can, ya wuce.
Shi ma ba ruwansa.

Saura kunne,
kuma kunnena guduma ta cinye shi tun tuni.
Na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, Nafi'u ya danna,
inji ya yi tuntuɓe, ya yi tari,
ni kuwa ban ji kome ba sai ƙugin da ke kwana da ni.

Hashimu, wanda bara ko lamba goma bai sani ba,
ya durƙusa gefena, ya rufe ido.
"Baba, tana huci.
Kamar kububuwa cikin tulu."
Na ce, "Na ji. So nake in ga ko za ka ji."
Allah Ya yafe mini wannan.

Muka kwance masta, goro biyu.
Bayanta jiƙe,
man birki ya daɗe yana ɗiga a ɓoye,
ya kwanta cikin tukunya, ya cinye robar
kamar yadda gara ke cin azara mai gida yana barci.

Nafi'u ya ji kuɗin sabuwa, ya cire hula ya mayar.
"A lallaɓa mini ita zuwa Yawuri, in na sayar in dawo."
Na zare makullin na sa a aljihu.
Ya yi fushi, ya je ya sha fura, ya dawo,
ya kira wani ya kwashe albasar.

La'asar sakaliya, Hashimu na wanke hannu da fetur,
na tura masa akwatin sifanuna da ƙafa.
"Gobe kai za ka ɗaura."
Ya dube ni, ya ce wani abu.
Na gyaɗa kai kamar na ji.