Littafin Bashin Lawandi

Motar Katsina ta sauke ni a tasha da la'asar,
katifa ɗaure da igiya, risho a cikin bokiti.
Na tambayi wani yaro, "Ina ne cikin gari?"
Ya dube ni, ya dubi takalmina,
ya ce, "Ai a kansa kake tsaye."

Ɗakin da na kama a gidan Baba Nayaya
bara ma'ajiyar gyaɗa ne.
Ɓeraye ba su samu labarin canjin ba,
kullum dare sai sun zo duba ajiyarsu,
su tarar da takardun darasi,
su ci babi na uku, su bar mini na huɗu.

Mu biyu ne a ciki, ni da Terkimbi ɗan Binuwai.
Hausarsa ta farko "nawa ne?", ta biyu "rage mini."
Kafin damina ta zagayo
'yan kasuwa na tambayarsa ɗan gidan wa ne.

A Dutsin-Ma ba a ɓuya.
Ran da na faɗi lissafi,
kafin in ƙaraso daga allon sanarwa
Lawandi mai shayi ya riga ya ƙara mini madara.
Bai ce komai ba.
Ya buɗe littafin nan mai bangon kwalin sukari,
ya rubuta ƙasan sunana: shayi ɗaya, rabin burodi.
Madarar bai rubuta ta ba.

Mun yi karatu a ƙarƙashin fitilar gidan mai,
sauro na karɓar nasa kuɗin makarantar a ƙafafunmu.
Mun bi layin burtsatse tun assalatu,
matan unguwa su ja jarkokinsu gefe
in mun ce jarrabawa gare mu ƙarfe takwas.
Wani zubin ƙarya muke yi.
Ina jin sun sani.

Sai malamai suka tafi yajin aiki.
Wata biyar ina gida ina ƙirga ƙusoshin silin.
Da na dawo, mai hoton takardu ya sayar da injinsa,
'yan acaɓa sun koma gona,
Hajo mai awara ta sauya ƙaramin kasko.
Lawandi ya ce, "Ku hutu kuka yi,
mu aka kora daga makaranta."

A shekarar ƙarshe Baba Nayaya ya yi sallama a ƙofata
da ƙasa ƙulle a leda.
"An ce ilimin ƙasa kake yi. Duba mini wannan,
shekara uku ke nan gero na fitowa kamar mai jin kunya."
Na kai ta ɗakin gwaji, na auna, na cika shafi biyu,
na zo ina karanta masa ina fassarawa.
Ya saurara har ƙarshe,
ya ɗan taɓa ƙasar a harshensa,
ya ce, "Wato dai ta gaji."
Na ce e.
Ya ce, "Haka na faɗa wa Dije tun bara.
Amma ka yi ƙoƙari."

Yau na naɗe katifa da igiyar nan dai.
Na je teburin Lawandi da kuɗi a hannu.
Ya lashi yatsa yana buɗa shafi bayan shafi,
sunayen da suka zama lauyoyi da malaman firamare,
da wani guda da ya tsaya ya yi wa addu'a
kafin ya wuce shafin.
Ya karɓa, ya ƙirga sau biyu,
ya ɗaga biro zai ja layi a kan sunana,
sai ya fasa,
ya maido mini naira ɗari biyu.
"Bar wannan a rubuce," in ji shi,
"mai bashi ke waiwayo."

Kwandasta yana ta kiran saura mutum ɗaya.
Ni ne mutum ɗayan,
kuma har yanzu ban gama shayin ba.