Ɗan Tsako a Tafin Hannu

Ƙarfe shida nake shayar da fili,
garin jan bulo ya sha, ya kwanta.
Can gangare kogin Parana na tafiyarsa,
jiragen waken soya na kuka a bakin Rosario.
Na share layuka, na ja raga,
na auna tsayinta da ƙuguna,
sannan na zauna da ƙoƙon mate
ina jiran ƙarar ƙananan takalma.

Maite ce ke fara isowa.
Shekara takwas, haƙoran gaba biyu sun yi ƙaura,
ta shaƙe wuyan raket kamar ya ci bashinta,
har yatsunta sun yi fari.
Na ce, "Sassauta, 'yar nan.
Ɗan tsako ne a tafinki,
in kin matse ya mutu,
in kin sake ya tsere."
Ta dubi hannunta, ta dube ni,
ta ce, "Don Eusebio, ai ba ya motsi."

Bugu ba a hannu yake farawa ba,
abin da nake faɗa ke nan shekara talatin.
Daga ƙasa yake tasowa:
diddige ya karɓa, gwiwa ta miƙa wa ƙugu,
ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo.
Hannu autan gida ne,
sai an gama aiki yake zuwa
ya kwashe yabon da ba nasa ba.

Ga Nahuel, bahago ne tun a ciki,
wani mai dabara ya mai da shi dama.
Wata biyu yana korar iska
kamar mai faɗa da ƙuda.
Na cire raket na sa masa a hagu.
Bai ce komai ba. Ƙwallon ce ta yi magana.
A bugun baya na ce ya ƙara ɗayan,
hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
bare hannun da bai kai kaurin rake ba.

A jikin waya baban Lisandro yake tsayawa,
kullum, da agogo, da jijiya a wuya:
"Ƙarfi! Ƙara ƙarfi!"
Yaron ya taune leɓe, ya dunƙule kafaɗa,
ƙwallo ta tafi neman tsuntsaye a kan jakaranda.
Ran Laraba na je wajen uban,
na buɗe maɓallin rigata
na nuna masa ɗinki goma sha ɗaya.
"Ina ɗan sha tara aka yi min wannan.
Ni ma ƙarfi aka ce min, na kuwa bayar.
Yau ko kwalba ba na saukewa daga kanta."
Ya sa agogon a aljihu.
Bai daina zuwa ba, amma ya koyi zama.

Kwando uku muka zubar da yamma.
Juya gefe. Raket baya da wuri.
Tarye ta a gabanki, kada ki jira ta same ki.
Daga ƙasa zuwa sama, ki ƙare a kan kafaɗa,
kamar mai yafa gyale.
Sake. Sake. Sake.
Safa ta rine, gwiwa ta rine,
uwaye za su zage ni a wajen wanki.

Sai ga ta, ta saba'in da wani abu,
Maite ta lanƙwasa gwiwa ba tare da na ce ba,
ƙugu ya riga hannu,
ƙwallo ta faɗa tsakiyar zare:
tas!
Sautin da ba a koyarwa, sai dai a jira shi.

Ta wuce layi da taki biyu.
Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta duba ba.
Tana tsaye tana kallon tafinta,
bakinta a buɗe, giɓin nan a waje.
"Don Eusebio," ta ce a hankali,
kamar mai tsoron kada ya farka,
"ya motsa."