Ƙidayar Dare

A Aliero kowa ya san minsharin Nomau.
Masu gadin rumfar albasa
sukan ce injin ban-ruwa ne ya tashi.
Ni ma na yi dariya, shekara goma sha ɗaya.

Ba ƙarar ke hana ni barci ba,
shirun da ke tsakani ne.
Sai ya ɗauke ɗif, kamar an toshe tulu,
in ƙirga, ɗaya, biyu, har ashirin da bakwai,
kafin ya fizgo numfashi
kamar mai tasowa daga ƙasan gulbi.

Da safe ciwon kai,
da hantsi gyangyaɗi bisa buhu ana tsakar ciniki.
Bai taɓa tsallake ƙwayar hawan jini ba,
jinin kuwa ya ƙi sauka.

Likitar Birnin Kebbi ta ce,
duk sanda iska ta yanke zuciya kan zabura,
ta yi gudun wanda aka koro,
sau ɗari a dare guda.
Ta rubuta na'urar ɗaurawa a hanci.
Ya ce, "Bari a sayar da albasar bana."
Bana ta zama bara, bara ta yi nisa.

Yanzu ƙafa ta fi ƙarfin takalmi.
Matashi uku yake jerawa kafin ya kwanta.
Tsakanin gida da masallaci
sai ya huta a dakalin Arzika.

Jiya bayan isha'i ya tambayi kuɗin na'urar.
Na ce gobe mu kira likitar.
Ya juya, barci ya ɗauke shi.
Ni kuwa na gyara zama,
na soma daga ɗaya.