Tafkin Gilashi

A Garin Malam,
inda famfo kan kwana uku bai yi tari ba,
ina da tafki bisa tebur.

Yashinsa daga Mirya,
ciyawarsa da tsinke na dasa.
Sanda mai garuwa ya ce,
"Jarka guda don kifin da ba a ci?"
Na biya shi.

Ran Juma'a nakan kankare gansakuka,
in rage ruwa, in shayar da lemun tsakar gida.

Jiya aka ɗauke wuta, kumfa ta tsaya.
Na kwana riƙe da ludayi,
ina ɗiba, ina tsiyayawa.

Da asuba na ƙirga: bakwai cif.
Jan nan mai tsagaggiyar wutsiya
shi ya fara sumbatar yatsana.