Awon Eufemia

A tsaunukan Cobán, hazo bai tashi ba,
Eufemia Choc ta zagaye kututture da igiyar awo,
ta rubuta kaurinsa a jiƙaƙƙen littafi.

Kamfanin nata ne. Ofis na can birni,
kujerar shugaba ta yi ƙura.

Masu saye sun bugo daga ƙetare:
tan nawa na hayaƙi dajinku ya haɗiye bana?
Akanta ya ce a cike lissafi,
wa zai hawo nan ya ƙirga?

Ta soke ɗari huɗu da sha ɗaya,
waɗanda zaftarewar ƙasa ta binne.
"Mataccen itace ba ya numfashi, Anselmo.
Ba na sayar da inuwar da babu."

Ta saɓa dagi.
Ma'aikata suka bi sawunta cikin laka.