Naira Ɗari, Caji Ɗaya

A rumfata ta caji a Taminus
wayoyi saba'in na kwance a jere,
kowace da igiyarta, kamar tumaki a turke.
A cikinsu akwai wani abu shuɗi,
tsawon yatsa, ba ya ƙara, ba ya kira.
Na Nazifi ne, ƙanena.
Naira ɗari nake karɓa a hannun kowa,
shi kuwa kyauta.

Na ɗauka tocila ce, ko ma'ajin waƙoƙi,
sai ranar da ya kai shi baki ya zuƙa,
ya feso farin gajimare mai ƙamshin mangwaro.
Na ce, "Taba?"
Ya yi dariya. "Yaya, tururi ne kawai.
Ba toka, ba ashana, ba wari.
Ko Inna ba za ta gane ba."
Bai yi ƙarya ba.
Inna cewa ta yi ya sauya turare.

Babanmu kuza ya haƙa a Bukuru,
shekara ashirin da bakwai ƙurar rami na shiga ƙirjinsa.
Da tarinsa muka girma a Gangare,
shi ke tashinmu kafin ladan.
Shi dai ya san abin da ya saya da huhunsa:
kwanon rufin ɗaki biyu, da kuɗin makarantarmu.
Kai fa, Nazifi, me ka saya?

Da sanɗa abin ya zo.
Da fari sai bayan isha'i,
daga baya tun kafin ya wanke ido.
In aka ɗauke wuta ban tada janareta ba
sai hannunsa ya kama rawa,
ya yi ta faɗa da ƙuda ma.
Nikotin ba ta sallama,
rigar alewa ta sa ta shigo gida.

Yaron da ke cinye fili daga raga zuwa raga
ya koma tsayawa a tsakiyar hawan unguwa,
dafe da gwiwa, baki buɗe.
Muka ce sanyin Jos ne.
Wata huɗu sanyin Jos na ɗauke da laifin wani.

Daren wata Laraba zuciyarsa ta kama kiɗan kalangu,
leɓɓansa suka yi duhu.
Keke, hanyar Lamingo, bencin asibiti mai sanyin ƙarfe.
Likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa gaban fitila,
na ga gajimaren nan
da nake zaton iska ke tafiya da shi.
Ashe a ciki yake kwana.

"Me yake sha?"
Na ce, "Ba ya shan taba."
Ta dube ni ta saman tabarau. "Ban ce taba ba.
Huhu iska ya sani, malam,
ba maiƙo da sinadari mai zafi ba.
Abin da ke cikin ruwan nan,
je ka tambayi mai sayarwa, shi ma bai sani ba."

Kwana tara da roba a hanci.
Numfashin da Allah ya raba kyauta,
sai da na sayar da ƙaramin janareta
na saya masa shi a tukunya.

Ya dawo gida. Yana tafiya yana hutawa.
Cikin dare nakan ji shi yana laluben aljihu,
yana neman abin da na jefa a Dilimi.
Ba na magana.
Soyayyar gyaɗa nake miƙa masa cikin duhu.

Jiya wata yarinya da kayan makaranta
ta miƙo mini irinsa, ruwan hoda, mai ƙamshin kankana,
da naira ɗari a ninke.
Na ce, "Babu gurbi."
Ta kalli soket goma da ke zaune fayau,
ta kalle ni,
ta tsallaka titi zuwa rumfar Yohanna.

Na bi ta da ido.
Can akwai gurbi.